Hannun jaririna ba ya ɗaguwa tun ranar haihuwa, surukata ta ce a kai shi ɗori

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 24, wannan ce haihuwata ta biyu. Yau kwana 45 da na haifi ɗa namiji a asibiti, nauyinsa kilo 4.3. Kai ya fito amma kafaɗa ta maƙale, sai da aka taru a kaina kafin a samu ya fito. Tun ranar hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Yana kwance a jikinsa, gwiwar hannun a miƙe, tafin yana kallon baya. Yatsun dai suna motsi, har yana riƙe ɗan yatsana. Da za a sallame mu an ce mini zai warware da kansa. Surukata ta ce gocewar ƙashi ce, a kai shi wurin mai ɗori a ƙauyensu. Wata maƙwabciya ta ce shan inna ne. Maigidana ya ce a zuba ido zuwa wata shida. Abin da ya fi ci mini rai, a wurin awo an ce cikin ya yi girma, an yi mini maganar tiyata na ƙi. Kullum sai na yi kuka, ina ganin ni na jawo masa. Me zan yi?

Mai jego, daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, barka da arba'in, Allah ya raya mana shi.

Zan fara da abin da ba ya jira. A cikin makon nan ki kai yaron nan babban asibiti, likitan yara ya duba shi, a tura ku sashen gashin ƙashi. Kada a kai shi ɗori, kada kuma a jira wata shida. Sauran bayanin da zan yi duk don ki samu abin faɗa wa Hajiya surukarki da baban yaron ne, ki kuma san abin da za ki tambayi likita.

Yadda kika kwatanta hannun, kamar a gabana kika kwantar da shi. Hannu a manne da jiki, a murɗe zuwa ciki, gwiwa a miƙe, tafi yana kallon baya kamar mai miƙa hannu a ɓoye a danƙa masa wani abu, amma yatsu na aiki. Likitoci sun daɗe da sanin wannan sura. Wani Bafaranshe, Duchenne, ya rubuta ta a jarirai a 1872, wani Bajamushe, Wilhelm Erb, ya gano inda lahanin yake a 1874, shi ya sa idan kika duba katinku wataƙila ki ga an rubuta sunan Erb. Ba ƙashi ne ya goce ba, jijiya ce ta ji ciwo.

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga wadda jini ke bi da wadda ke kai saƙo. Ta biyun nake nufi. Daga lakar da ke cikin ƙashin baya, ta wajen wuya, saiwoyi biyar suna fitowa a kowane gefe. Suna haɗuwa su rabu su sake haɗuwa kamar kitso, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, wanda ke tsakanin maƙogwaro da kafaɗa, su shiga hamata, daga nan su watsu cikin hannu har fatar yatsa. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa za ta ba hannu ta nan yake bi. Saiwoyi biyu na sama su ke ɗaga kafaɗa su lanƙwasa gwiwar hannu. Na ƙasa su ke da yatsu. Idan kan jariri ya fito kafaɗa ta tokare a bayan ƙashin gaban uwa, wuya ya karkata gefe guda kafaɗa ta tsaya a wani gefen, wannan kitso ne yake miƙewa fiye da ƙima, kuma na sama ne suke fara jin jiki. Shi ya sa yaronki ke riƙe yatsanki amma ba ya iya ɗaga hannun. Wannan riƙon da yake yi miki albishir ne, domin yana nuna saiwoyin ƙasa sun tsira.

Ciwon hawa-hawa ne. Wani lokaci jijiyar ta miƙe ne kawai ta suma, tana nan a haɗe, cikin makonni ta farfaɗo. Wani lokaci zaren cikinta ya tsinke amma rigarta tana nan, sai zaren ya sake tsirowa ya bi tsohuwar hanyarsa, a hankali, kimanin milimita 1 a rana, wato kusan inci guda a wata. Wani lokaci ta tsinke gida biyu. Mafi muni shi ne a tumɓuko saiwar daga jikin laka, wannan ba ta komawa da kanta har abada. A makonnin farko duk kamanninsu ɗaya ne a ido, hannu ne a yashe. Lokaci ne yake rarrabe su. Wadda ta ce miki zai warware ba ƙarya ta yi ba, domin mafi yawan jariran da wannan ya samu, wajen bakwai zuwa takwas cikin goma, suna samun sauƙi sosai ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Kuskurenta shi ne da ta tsaya a nan, ba ta gaya miki ranar dawowa ba, ba ta gaya miki abin da za ki sa wa ido ba. Biyu ko ukun da suka rage fa? Ba wanda zai san ɗanki yana cikin wane rukuni sai an bi shi ana dubawa.

Abin da za ki sa wa ido shi ne gwiwar hannu. Ki kwantar da shi rigingine, ki taɓa leɓensa ko ki nuna masa wani abu mai launi, ki ga ko zai lanƙwasa hannun da kansa ya nufo baki da shi. Ba wanda kika lanƙwasa masa ba, ba kuma ɗaga kafaɗa da jiki duka ba. Idan damtse ya fara wannan aikin a cikin wata biyun farko, galibi ƙarshen labarin mai daɗi ne. Idan ya cika wata uku cur bai fara ba, likitocin tiyatar jijiya suna so su gan shi a lokacin, domin tsakanin wata uku zuwa tara ake yanke shawarar yin aiki ko barinsa. Yau kwanansa 45, ke nan saura kwana 45 ya cika wata uku. Ki ƙirga a kalanda ki sa alama.

Ki faɗa wa maigidanki dalilin gaggawar kamar haka. Tsokar da saƙo ya daina iso mata ba ta zama jiran sai baba ta gani. Tana ramewa, kuma idan ta yi shekara guda zuwa shekara da rabi babu jijiya, ko an ɗinke jijiyar daga baya ba za ta amsa ba. Ga jijiya tana tafiyar hawainiya, inci guda a wata, daga wuya zuwa damtse. To idan aka zauna a gida har wata shida, sannan a fara neman takardar turawa, a bi layin ganin likita, a yi hoto, a tara kuɗi, lissafa ki gani wata nawa ya rage. Likitocin da ke ɗinkin jijiyar jarirai ba su da yawa a ƙasar nan, don haka gara sunansa ya shiga littafi da wuri, in ya warke da kansa a ce alhamdu lillahi a soke.

Aikin da ake yi, in ta kama, shi ne a yanke wurin da ya lalace a yi gada da wata siririyar jijiya da ake cirowa daga bayan ƙafar yaron, wadda rashinta ba ya hana tafiya. Ko kuma a aro reshe daga wata lafiyayyar jijiya a kusa a jona wa wadda ta mutu. Na faɗa ne don kada kalmar tiyata ta sake firgita ki, ba don ina ganin can za ku ba.

Yanzu maganar Hajiya. Kada ki raina tunaninta, domin tana da inda ta dafa. Jariran da kafaɗarsu ta maƙale suna iya karya ƙashin wuya, wannan siririn da ke kwance daga maƙogwaro zuwa kafaɗa, ko ƙashin damtse, kuma jaririn da ya karye yakan ƙi motsa hannun saboda zafi. Wataƙila ta taɓa ganin irin haka a rayuwarta, aka ɗaure, ya warke, mai ɗori ya sha yabo. Amma karayar jariri tana haɗewa da kanta cikin mako biyu zuwa uku, har a ji ɗan ƙulli a wurin. Da karaya ce kaɗai da tuni yana wutsil-wutsil da hannun. Mai ɗori ƙashi ya sani. Abin da zai yi shi ne ya ja, ya murza, ya ɗaure da karare, kuma ja shi ne ainihin abin da ya jawo ciwon. Jijiyar da take ƙoƙarin tsirowa a sake fizgar ta? Ɗaurin kuma yana sandarar da gaɓa, in ya yi tsauri ya hana jini gudu, kuma duk wanda ya zauna a asibitin ƙashi ya ga yaran da aka kawo hannu ya yi baƙi bayan ɗori, sai yankewa.

Ni da ni ce ke, ba zan yi musu da Hajiya ba. Cewa zan yi: "Hajiya, ki raka mu a ɗauki hoton ƙashin tukuna, in an ga ya goce sai a san abin yi." Ki tafi da ita. Ta ga hoton da idonta, ta ji daga bakin likita, sannan a koya muku motsa hannun ku biyu. Tsohuwar da aka ba aiki a hannu takan zama ita ce mai tsare dokar, har ta riƙa yi miki faɗa in kin makara. Kuma maganar ta fi kyau ta fito daga bakin ɗanta, don haka ki fara shawo kansa shi a ɗaki.

Ita kuwa maƙwabciya, shan inna ba a haihuwar yaro da shi. Ƙwayar cuta ce da ke kama yaro daga baya, galibi da zazzaɓi, kuma ƙafa ta fi taɓawa. Wannan ba shi ba ne, ba kuma iska ba ce. Ki ci gaba da kai shi rigakafinsa yadda aka tsara.

Bari in ɗan yi ratse, ko Hajiya za ta ji daɗi. Sarkin Jamus na ƙarshe, Wilhelm na biyu, jikan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, an haife shi a 1859 da wahala, ya zo da ɗuwawu maimakon kai, hannunsa na hagu ya samu irin wannan lahani. Gidan sarauta guda, da likitocin fada, amma har zomo suka riƙa yankawa suna tura hannun yaron cikin gawar da ɗuminta wai ƙarfi ya shige shi, suka ɗaure masa lafiyayyen hannun don ya tilasta wa ɗayan. Ya girma hannun ya fi ɗan'uwansa gajarta, yana ɓoye shi a hotuna. Neman magani ta kowace kafa ba ƙauyanci ba ne, halin iyaye ne ko'ina. Bambancin kawai, su a lokacin ba a san abin da aka sani yau ba.

Aikinki na gida shi ne babba, ya fi na kowane likita yawa. Motsa hannun da za a koya miki ba ya sa jijiya ta yi sauri, wannan ki sani don kada ki karaya. Amfaninsa shi ne ya hana gaɓoɓi sandarewa kafin jijiyar ta iso. Tsokokin da ke murɗa hannu ciki suna da ƙarfinsu, masu murɗa shi waje sun kwanta, to kullum ana jan kafaɗa gefe guda. In aka bar ta haka watanni, sai ta ƙage, har kwarmin da kan ƙashin ke zama a ciki ya canja sura. Sai ka ga yaro jijiyarsa ta warke amma ba ya iya kai loma baki sai ya ɗaga gwiwar hannu sama kamar mai busa kakaki. Wannan ake gudu.

Mafi muhimmancin motsin shi ne na buɗe kafaɗa. Yana kwance rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyin hannayensa biyu, ki manne su da haƙarƙarinsa, sannan ki buɗe hannayen waje a hankali kamar kina buɗe ƙyauren taga, har bayan hannun ya doshi shimfiɗa. Yin su biyun tare yana nuna miki inda lafiyayyen ya kai, ki san inda ake so ɗayan ya kai. Akwai ɗaga hannu sama kina dafe da allon kafaɗa, akwai lanƙwasa gwiwa da miƙe ta, da juya tafi ya kalli sama, da motsa wuyan hannu da yatsu. Amma kada ki fara daga karatun wannan shafi, ki bari mai gashin ƙashi ya kama hannunki ya nuna miki iyakar da za ki tsaya, bayan an tabbatar babu karaya. Ana yi sau da yawa a rana, kaɗan-kaɗan. Ni nakan ce wa iyaye su ɗaura shi da salloli biyar, kin sallame kin shafa addu'a kin jawo shi, ba za ki manta ba. A yi shi yana cikin nishaɗi, ba da ƙarfi ba, ba yana tsala kuka ba.

Sai wasu al'adunmu da za ki canja saboda shi. Na farko goyo. Kin san yadda muke cafko jariri ta hannu ɗaya mu wurga shi baya. Wannan haramun ne a kan yaron nan, ke da duk mai ɗaukarsa, har 'yan matan gida masu son goyo. A tallafo shi ta ƙirji da ƙugu, wani ya ɗora miki, kuma a gyara hannun kada ya lanƙwashe a baya cikin zani. Na biyu wankan tsofaffi, inda ake miƙe hannu a kai shi baya a ja wai jiki ya yi ƙwari. A daina a wannan hannun. Na uku gashi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi. Fatar hannun tana iya kasancewa ba ta ji sosai, sai ya ƙone bai yi kuka ba. Ba man zafi, ba tsaga, ba ƙaho. Wurin sa riga ki fara zura hannun mai ciwo, wurin cirewa shi ne na ƙarshe. Ki riƙa shafa hannun da tafinki, kina kai masa shi baki da fuska, kina shayar da shi ta ɓangarorin biyu, kina ajiye abin wasa ta damansa, don ƙwaƙwalwarsa ta san hannun nan nata ne.

Akwai abubuwan da in kin gani ba a jiran ranar da aka ba ku. Idan fatar idonsa ta dama ta ɗan sauko, ko baƙin tsakiyar idon ya fi na hagu ƙanƙanta, ki faɗa wa likita, domin alama ce ta ciwon ya kai saiwar ƙasa kusa da laka. Idan yana numfashi da sauri ko da wahala, jijiyar da ke motsa tantanin numfashi maƙwabciyar waɗannan ce, takan ji ciwo tare da su. Idan kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yana ihu in an taɓa, wannan wani ciwo ne daban, ƙwayar cuta a gaɓa, a tafi a daren.

Daga inda kike, ki fara da asibitin koyarwa ko babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke da sashen gashin ƙashi. In ana bukatar gaba, Kano na da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Zariya na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ki riƙe katin haihuwar, ki ɗauki bidiyon hannun a waya duk mako yana kwance yana wasa. Likitan da ya gan shi minti goma yana barci ko yana kuka zai fi amfana da bidiyonki fiye da bayanin baki. Kuma ki yi tambayar nan kai tsaye: "Likita, in ya cika wata uku bai lanƙwasa gwiwa ba, wurin wa za ku tura mu?"

Na bar kukanki a ƙarshe da gangan, don na san shi ya sa kika rubuto. Ba zan ce miki tiyata ba ta rage haɗarin ba, tana ragewa, ke ma kin sani, in na musa ba za ki yarda da sauran maganata ba. Amma ki ji sauran gaskiyar. Awon nauyin ɗa a ciki, ko da na'urar sikanin ne, kintace ne, yakan kauce da rabin kilo sama ko ƙasa. Mata da yawa suna haifar ɗa mai kilo 4 da ɗoriya lafiya lau, kuma kusan rabin maƙalewar kafaɗa tana faruwa ne ga jariran da ba su kai kilo 4 ba, ba wanda ya hango. Har waɗanda aka ciro ta tiyata akan samu mai wannan ciwo jefi-jefi, domin naƙuda kanta tana matsa wuyan jariri. Kin yanke shawara ne da tsoron da kowace mace a garinmu ta sani, tsoron wuƙa, da kuɗi, da bakin mutane masu cewa raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta. Ba ki zaɓar masa ciwo ba. Su ma waɗanda suka karɓi haihuwar, idan kai ya fito kafaɗa ta tsaya mintuna kaɗan gare su kafin rashin iska ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai yadda ake koyar da su yi, a naɗe cinyoyin uwa zuwa cikinta, a danna saman mara, ba a danna saman ciki ba, ba a fizgi kai ba. Kina da haƙƙin tambayar abin da aka yi a ranar da abin da aka rubuta. Idan kuma kukan nan ya hana ki barci da cin abinci, ko kin ji ba kya son ɗaukar yaron, ki faɗa wa likita wannan ma, ciwo ne da ke kama masu jego kuma ana maganinsa.

Abu ɗaya da ya shafi jikinki: ɗa mai kilo 4.3 yana sa a tambayi suga. Ciwon suga na lokacin ciki yana ƙara wa jariri ƙiba musamman a kafaɗa da ƙirji, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai. Yanzu da kika yi arba'in lokaci ne mai kyau na gwaji, ki yi ranar da za ki kai shi. In Allah ya kawo wani rabon, ki fara awo da wuri, ki faɗa musu tun zuwan farko cewa kafaɗar ɗanki na baya ta maƙale har hannu ya samu rauni, domin wadda ta taɓa yi ta fi kusa da maimaitawa, kuma ki haihu inda ake da ɗakin tiyata a shirye.

Ki sake rubuto mini ranar da ya cika wata uku, ki gaya mini abin da gwiwar hannun take yi. Ki gaida Hajiya.